Albarushin Baba ya ƙare, mi za mu ɗura ma bindigatai ranar Sallah?

Jikan Maharbi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda sunka san bindigar gargajiya, irin wadda ake ɗura ma albarushi ta baki.

Baba na cikin 'yan bindigar hakimin garinmu, can wajen Wurno. Ranar Sallah in anka sauko idi, shi da abokanai ke shiga gaban dawaki suna harbi sama, haka nan in ana naɗin sarauta ko hakimi zai tafi gaisuwa fadar Sarkin Musulmi. Ba su sa dalma, albarushi ne da tsumma, ƙara da hayaƙi kawai ake so. Bindigar ta kakana ce. An sha sake mata ƙota, amma ƙarfen bututun shi ne na asali, kuma babu lamba ko tambari ko ɗaya jikinta. Baba shina da takardarta.

Dattijon da ke kawo masu albarushi ya rasu bara, kuma da halin tsaron da muke ciki babu mai son a gan shi da wanga kaya kasuwa. Abin da ya rage cikin ƙahon Baba kaɗan ne. To yanzu shawara biyu anka kawo, kuma hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Samarin da sunka shiga ƙungiyar kwanan nan sun ce a fasa harsashin bindiga mai baki biyu a zazzage garin da ke ciki, wai ai duk baƙi ne, har ma ya fi ƙara. Ɗan kawuna kuma, mai yawan kallon maharban Amurka a YouTube, ya ce akwai wasu sababbin gari, Pyrodex da Triple Seven da Blackhorn 209, waɗanda sunka maye gurbin albarushi, har ya ji suna cewa suna ɗura 100 ko 150. Shina son wani abokinai mai zuwa waje ya sako mishi gwangwani ɗaya cikin jaka.

Baba ba ya da ma'auni. Tafin hannu yake zubawa, ya ɗura, ya sa sanda ya daka, sannan ya duba yatsa nawa sandar ta yi saura waje. Yatsa biyu shi ne nashi tun da can. Amma in anka shiga gasar wanda tashi ta fi tsawa, na ga masu kai huɗu.

Mi ne ne bambancin waɗanga garin? Kuma ina iyakar abin da bindiga irin wagga za ta ɗauka? Baba ya manyanta, ido ya fara rauni, amma ba ya yarda a ce ya zauna gida ranar hawa.

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a je ko'ina: garin da ke cikin harsashin bindiga mai baki biyu kada ya shiga bindigar Baba, ko cikin cokalin shayi ne. Ka je ka gaya wa samarin nan yau, kada ka bari sai jajibere.

Kama ce ke ruɗin mutane. Albarushin gargajiya in ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, toka da hayaƙi yake komawa. Shi ya sa kake ganin farin hayaƙin nan mai warin farar wuta, da baƙin dattin da ke maƙalewa cikin bututu. Garin harsashin zamani wani abu ne dabam ɗungurungum. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da shi a 1884, kuma kusan dukkansa iska yake zama in ya ci wuta, don haka ƙarfinsa ya ninka na albarushi wajen sau uku a nauyi ɗaya. Baƙin da ake gani a jikinsa shafe ne kawai, irin abin da ke bakin fensir.

Abin da ya fi ba ni tsoro da shi shi ne yadda yake yaudarar mai gwaji. In yaro ya zuba kaɗan a ƙasa ya ƙyasta masa ashana, zai ga yana ci a hankali, albarushin gargajiya kuwa fuu ɗaya ya tashi. Sai ya ce ai wannan ma bai kai na Baba ba. A cikin bututu a rufe labari ya juya: duk yadda matsi ya ƙaru, cinsa na ƙara sauri, saurin kuma ya sake ƙara matsi, duk a cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Bindigogin da aka ƙera dominsa ƙarfensu na musamman ne, an auna kaurinsa, kuma a masana'anta ake auna garin kowane harsashi da sikeli. Bindigar ɗuri ta baki in ta fashe, yawanci daga gindi take fashewa, daidai inda hannun hagu yake riƙe kuma fuska take jingine. Kuma ranar hawa akwai yara a gefe.

Haka nan kan ashana da garin abin wasan wuta na yara. Na ji ana cewa wasu na haɗawa. Shi ma a bar shi.

Sauran ukun da ɗan kawunka ya ambata na bar wa wanda ya taɓa riƙe su a hannu.

Basakkwace a Amurka:

Malam ya gama magana a kan na farko, ba ni da abin ƙarawa. Ni a jihar Fensilbeniya nake zaune, kuma nan akwai lokacin farautar barewa da ake buɗewa bayan Kirsimeti wanda ba a yarda a shiga da komai ba sai bindigar ɗuri mai ƙanƙara, wato dutsen ƙyastu da ke tada tartsatsi, irin ta da. Wani maƙwabcina ne ya koya mini, har na sayi tawa. Bari in faɗi abin da na sani, sai ka kai wa ɗan kawunka.

Da farko lambar da ya ji. Ma'aunin sunansa giren, kuma giren 100 bai wuce giram shida da rabi ba. Amma ba a sikeli ake auna shi ba, da wani ɗan bututun tagulla ne mai zane-zane, wato cika ake dubawa ba nauyi ba. Wannan yana da muhimmanci, domin sababbin garin ba su kai albarushi nauyi ba. Wanda ya ɗauki sikeli ya auna giren 100 na Pyrodex ya zuba, ya zarce abin da yake nufi nesa ba kusa ba.

Pyrodex shi ne babba a cikinsu. Kamfanin Hodgdon ke sayar da shi tun wajen tsakiyar shekarun 1970, kuma wanda ya ƙirƙiro shi, Dan Pawlak, ya rasu a 1977 lokacin da masana'antarsa ta kama wuta. An yi shi ne don a auna shi cika da cika da albarushi: ma'auni ɗaya na wannan a madadin ma'auni ɗaya na wancan, duk da ya fi sauƙin nauyi da kusan kashi 30 cikin 100. Dalilin da ya sa ya cika shaguna a nan ba wai ya fi kyau ba ne. Doka ce ta sa albarushi cikin jerin abubuwan fashewa, ajiye shi a shago sai da lasisi da ɗaki na musamman, su kuwa waɗannan ba su kama wuta da sauri kamarsa, sai aka sassauta musu. Wannan rashin saurin kamawa shi ne kuma aibinsu a wajenmu masu ƙanƙara: tartsatsin ba ya tada su yadda ya kamata, sai bindiga ta yi shiru ko ta yi jinkiri. Shi ya sa har yau albarushi na ainihi muke nema, na Goex da ake yi a Luwiziyana ko wanda ake kawowa daga Suwizalan. Kuma kada kowa ya ce maka Pyrodex ba ya cin ƙarfe. Yana ci, in ka kwana ba ka wanke ba za ka ga tsatsa.

Triple Seven na Hodgdon ne shi ma, ya fito daga baya, babu farar wuta a cikinsa, saboda haka ba ya da warin nan. Ya fi albarushi zafi. Su kansu masu yin sa sun ce a rage kashi 15 cikin 100 in ana son a samu daidai da albarushi. Ga wanda ke auna gari da tafin hannu, ka ga inda matsala take.

Blackhorn 209 kuwa ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Ya fito a 2008 don bindigogin ɗuri na zamani masu rufaffen gindi, waɗanda ake tayarwa da hular harsashi (ɗan abin da ke kunna gari in an buge shi) mai lamba 209. Masu yin sa sun hana a sa shi a bindiga mai ƙanƙara ko mai ƙaramar hular tagulla a gefe.

Ita 150 ɗin da ya ji, ta wasu sababbin bindigogi ce masu faɗin baki rabin inci, waɗanda kamfani ya rubuta a littafinsu cewa za su ɗauki dunƙulen gari uku, kowanne giren 50. Ko su ɗin, da yawa in garin sako-sako ne iyakarsu ta yi ƙasa da haka. Ni tawa mai ƙanƙara ban taɓa kai ta kusa da 100 ba, kuma tana kada barewa. Ƙarin gari bayan wani mataki ba ya ƙara komai sai duka a kafaɗa da wuta a baki.

Girman ƙwayar garin ma yana canza lissafi. Ana rubuta Fg, FFg, FFFg, FFFFg a jikin gwangwani. Yawan harafin, laushin garin. Mai laushi ya fi saurin ci, ya fi tada matsi. Na ƙarshen nan ɗan kaɗan ake zubawa a kaskon ƙanƙara don kama wuta, ba a cika bututu da shi.

Maganar jaka kuma, ka ce wa abokin nasa ya rufa wa kansa asiri. Babu jirgin fasinja da ke ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu, ko a hannu ko a kayan awo. Kama shi za a yi tun kafin ya bar nan.

Jikan Maharbi:

Allah shi saka da alheri, Malam, da kai Yaya na Amurka. Na karanta ma ɗan kawuna, ya yi shiru. Samarin kuma zan same su bayan la'asar wajen da suke zama.

Amma har yanzu tambayata ta biyu na nan. In mun samu albarushi na ainihi ta hanyar da ta dace, giren nawa ne iyakar bindigar Baba? In na san lambar sai in sa a yanka mishi ɗan bututu daidai ita, ya bar tafin hannu.

Basakkwace a Amurka:

Ƙanena, wannan lambar ba ni da ikon ba ka ita, kuma duk wanda ya ba ka daga nesa bai kyauta maka ba. Iyakar da kamfani ke rubutawa ta fito ne daga sanin irin ƙarfen, da kaurinsa, da yadda aka toshe gindin. A Ingila ma ba a yarda da maganar maƙeri kaɗai ba: tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a Birmingham, inda ake ɗura wa bututu fiye da ƙima a ɗaki mai kauri babu mutum a ciki, in ya tsira a buga masa tambari. Ka ce ta Baba ba ta da tambari ko ɗaya. Ƙarfen da ya shekara da shekaru yana shan toka da ruwan damina, ba a sanin abin da ya rage na kaurinsa daga waje.

Amma dabarar ɗan bututun tana da kyau ƙwarai. Kada ka ɗauko lamba daga wurina, ka ɗauko daga wurin Baba. Ya zuba abin da ya saba zubawa, ka rage daga ciki, ka yanka ma'auni daidai nan, kada a sake wuce shi. Tunda ba dalma ake turawa ba, kaɗan ya isa ya yi hayaƙi da ƙara. Kuma in albarushin da za ku samu ba na hannun dattijon nan ba ne, a ɗauke shi baƙo: ƙila ya fi laushi, ƙila ya fi ƙarfi, a fara da ƙasa sosai. Kafin duk wannan, wanda ya san aikin bindiga kuma yake da izinin gyara ya kwance ta ya duba gindin da cikin bututun da fitila. In ya ce ta gaji, to ta gaji.

Tsohon Maharbi:

Ɗana, jikana ke rubuta mini, ni ke faɗi. Ka gai da babanka, ko ban san shi ba sana'armu ɗaya.

Malamai sun yi bayanin gari. Ni abin da na gani da idona zan faɗa maka, don bindigogin da na ga sun fashe, mafi yawa ba gari ne ya fasa su ba, gaggawa ce.

Ranar hawa ana kiɗa, ana kirari, dawaki na tahowa. Mutum ya ja kunama, tashi ba ta tashi ba, amma ta kusa da shi ta tashi, cikin hayaƙi ya ɗauka tashi ce. Sai ya sake ɗura wani bisa na farko. Ga yatsa huɗu nan ba da niyya ba. Maganin wanga shi ne a yi ma sandar ɗuri zane biyu da wuƙa, ɗaya inda take tsayawa in bindiga ba komi, ɗaya inda take tsayawa in an ɗura sau ɗaya. Kowane ɗuri a duba. Tunda ka ce idon babanka ya yi rauni, a yi zanen da zurfi yadda farce zai ji shi.

Tsumma kuma ya sauka har ya zauna bisa gari. In ya tsaya tsakiya ya bar fili, nan bututu ke kumbura ko ya tsage. Haka in bakin bindiga ya caki ƙasa, ko zanzaro ya yi ɗaki ciki tun Sallar bara. Masu cusa tsumma da yawa su daka da ƙarfi don ta yi tsawa, su ma toshe ta suke yi. Kuma tsumman nan da kake gani, kusa-kusa yana huda jiki. Bakin bindiga sama, ko da wasa ba a nuna ma mutum ko doki.

Kada babanka ya zuba gari kai tsaye daga ƙaho zuwa bututu bayan ya harba. Wani lokaci ɗan garwashin tsumma na nan ciki da rai. In ma'auni ne a hannunka, abin da zai tashi kaɗan ne. In ƙaho ne, duka zai tashi. A goge ciki da ɗanyen ƙyalle tukuna, kuma kai da fuska kada su hau saitin baki lokacin ɗuri.

In ta ƙi tashi, kada a juyo ta a leƙa. A riƙe ta sama a ƙirga har minti ɗaya ko fiye. Garin da ya sha sanyin damina yakan yi jinkiri sannan ya tashi.

Da an dawo gida a wanke ta da ruwan zafi ran nan, a busar, a shafa mai. Gari kuma a ajiye nesa da madafa da risho da jarkar fetur, ba cikin ɗakin kwano da ke gasuwa da bazara ba, kuma inda yara ba su kai.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ɗan'uwa, ni ba na san bindiga ba, hannayen da take kawo mana na sani. Yawanci hannun hagu ne, babban yatsa da manuni, sai ido. Ka saya wa Baba tabarau mai kauri irin na masu aikin ƙarfe, ka sa masa auduga a kunne. In Allah ya kiyaye wani abu ya faru, a danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun, a taho asibiti nan take. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki, kuma kada a ciro ƙarfen da ya shige nama ko ido.

Tsohon Ɗan Sanda:

Abu ɗaya zan ƙara, ta fuskar doka. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kuma ta ɗuri ta baki tana gida na uku, wanda lamarinsa ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Takardar bindiga ba ta ba mutum damar shigo da gari daga waje ko sarrafa shi a gida ba. Abubuwan fashewa suna da dokarsu dabam tun 1964. A gabashin Sakkwato yanzu, saurayin da aka tare a shingen bincike da ƙullin albarushi ba takarda, kafin ya gama bayanin hawan Sallah ya kwana a wani wuri. Kada kai ko ɗan kawunka ku shiga neman sa da kanku. Shugaban 'yan bindiga ya kai kuka wurin hakimi, hakimi ya rubuta wa 'yan sandan yankin, a san mutum nawa ne, bindiga nawa, kuma wa zai riƙe garin.

Jikan Maharbi:

Na gode, Baba Maharbi, na gode Hajiya, na gode Yallaɓai. Na zauna da Baba bayan isha'i na karanta mishi duka. Maganar zanen sanda ya ce haka kakana ke yi, sandar ce ta ɓace anka sake wata. Ya yarda da ma'auni, ya yarda su tafi wajen hakimi shi da shugabansu ranar Juma'a. Tabarau ne muke ta ja, amma ƙanwata ta ce ita za ta shawo kainai.

Samarin biyu sun ji, ɗaya na gardama har yanzu. Shugabansu ya ce duk wanda anka gani da fasasshen harsashi ba ya shiga sahu.

Da safe na haska fitilar waya cikin bututun. Wajen baki sumul yake, amma can ƙasa na hangi ramuka ƙanana-ƙanana, kuma akwai wani siririn layi a waje kusa da inda hula ke zama, tsawonai kamar gaɓar yatsa. Baba ya ce tun da daɗewa yake nan. Wanga abin damuwa ne, ko tsufa ne kawai?

Tsohon Maharbi:

Ɗana, layi kusa da gindi ba a yi mishi uzurin tsufa. Kada a ɗura mata komi, ko rabin yatsa, sai mai gyara ya kwance ta ya gani. Kada kuma a kai ta wajen mai walda ya liƙe, liƙin ba ya riƙe wanga wuri, ɓoye tsagar kawai yake yi. In har tsaga ce, babanka ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga sahu da ita haka nan ba ɗuri, in kuma dole sai ya harba, shugabansu ya ara mishi wadda anka duba.